Maki Biyar a Wuyan Zaitun

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Mu'minarku ce ta unguwar Briqueterie. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn nan ta Garoua da ta rubuto da manyan baƙaƙe wai in daina ja wa Baha'uddeen aji kafin wata ta yi wuf da shi. 'Yar uwa, na ji. Amma bari in ba ki labarin ranar Asabar tukuna, sai ki yi min faɗan da hujja.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: shekarata ashirin da ɗaya, ina shekara ta biyu a makarantar koyon jinya a nan Yaoundé. Wata bakwai ke nan Baha'uddeen yana sallama a ƙofar gidanmu. Shagon aski gare shi a bayan babban masallaci, mai madubi har uku, kuma mahaifinsa, Baballe, shi ne wanzamin gidanmu tun Babana yana yaro. Mama ta ba ni zuwa Juma'a in ce e ko a'a, don ranar Baba zai dawo daga Ngaoundéré, ta ce ba za ta tarbe shi da "har yanzu tana tunani" ba.

Abin da ban taɓa gaya muku ba shi ne dalilin tunanin. Yau zan faɗa, ko da za ku yi min dariya.

Watan jiya malamarmu, wata Madame mai tabarau a kan karan hanci, ta ce kowa ya duba maƙogwaron na kusa da shi. Ƙawata 'yar Bafoussam ta danne min harshe da ɗan katako, ta haska. Ta sake haskawa. Sai kawai ta ɗaga murya da Faransanci, wai Madame ta zo ta gani, Mu'mina ba ta da belu!

Jama'a, mutum arba'in da biyu suka yi layi suna leƙa bakina. Ni kuwa baki a wangale, miyau na zuba, ban ma san me ake nema ba. Ashe ɗan naman nan da ke reto a can ƙarshen baki kowa a ajin yana da nasa, ni kaɗai ce babu. Da na dawo gida na tambayi Mama, ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafa ba.

"Baballe ya cire miki kina kwana uku a duniya. Duk gidan nan an cire mana, in ban da auta. Sai me?"

Wai sai me! Tun ranar, duk sanda Baha'uddeen ya yi min murmushi, abin da ke faɗo min shi ne: 'ya'yana fa? Su ma kwana uku za a buɗe musu baki, ubansu ne zai riƙe askar? Ba ƙinsa nake ba, wallahi. Mutum ne mai sanyin magana, ga tsafta, ga kunya. Amma na kasa tambayarsa, na kuma kasa cewa e.

A darasin nan dai aka koya mana lissafin maki biyar na ciwon wuyan yara. Da shi ake ware yaron da ake zargin ƙwayar streptocoque ta kama, da wanda mura ce kawai za ta wuce da kanta. Abin ya shiga raina ba kaɗan ba. Sati biyu ba wanda ya tsira da ni, har maƙwabciyarmu mai ƙosai sai da na sa ta ce "aaa" a bakin kasko. Mama ta rantse in na ƙara nufo ta da fitilar waya sai ta jefa wayar a rijiya.

To, ga Asabar.

Ina gugar farar rigar makaranta Mama ta ƙwala min kira, wai Zaitun ta ƙi shan kunu. Zaitun autarmu ce, shekara bakwai, kuma ita kaɗai ce mai belu a gidan. Bakwaini aka haife ta, ta yi wata guda a asibiti, likita ya ce kada wanda ya kuskura ya taɓa ta. Iya, kakarmu ta wajen uba, har yau ba ta yafe wa likitan nan ba. Zaitun ta yi atishawa, belu ne. Ta ƙi cin tuwo, belu ne. Ranar da ta faɗi jarrabawar lissafi ma, ina jin belun aka zarga.

Na same ta a ɗakin Iya, kwance a kan katifa cikin 'yar rigarta ruwan ɗorawa, ta tara miyau a baki ta ƙi haɗiyewa.

"Adda, in na haɗiye kamar ƙaya ce a ciki."

Na sa mata ma'aunin zafi a hammata. Trente-neuf deux, wato talatin da tara da ɗigo biyu. Na kunna fitilar waya, na ce ta buɗe baki. Kallo ɗaya na samu kafin Iya ta buge min hannu.

"Kauce da wannan tocilan taki. Belu ne ya sauko, na daɗe ina faɗa. Na riga na aika gidan Baballe, yau za a rabu da shi."

"Iya, wuyan nan a kumbure yake, har da mugunya. In aka sa aska a haka jini zai iya ƙin tsayawa, ciwon kuma yana nan inda yake."

"Ji min yarinya! Shekara biyu a makarantarku ta lekol har kin fi wanda ya yi hamsin yana yi? Ke da aka cire miki, me ya same ki? Duk gidan nan wa ya kai ki baki?"

Na kalli Mama. Ta kalli ƙasa. A madafa ta ja ni gefe ta ce ƙasa-ƙasa: "Kada ki haɗa ni da uwar mijina, Mu'mina. Kuma kada ki kunyata mutanen da ke neman aurenki." Amma na ga yadda take murza bakin zanenta. Na kira Baba sau huɗu, wayar ba ta shiga.

Sai ga saƙo ya shigo.

Baha'uddeen: "Salam, ranki ya daɗe. Iya ta aiko. Kwanan nan hannun Baba na rawa, ya ce ni zan zo. Ƙarfe goma in sha Allah."

Na rubuta: "Kai za ka yanka?"

"Na sha yi a gabansa. Kada ki damu, sabuwar aska ce, na kuma dafa ta."

Na rubuta doguwar wasiƙa, da zagi a ciki, na goge. Na sake rubuta wata da kuka a ciki, na goge. A ƙarshe na tura: "Kafin ka taɓa ta ka ba ni minti biyar. Cinq minutes. Abu ɗaya zan nuna maka."

Na ga alamar yana rubutu. Ya tsaya. Ya ci gaba. Ya sake tsayawa. Sai ga amsa: "To."

"To" kawai! Duk wannan jira a kan harafi biyu. Kuma in gaya muku gaskiya, ƙanwata na kwance da zazzaɓi amma sau uku na canza mayafi, kafin na tsaya a kan ruwan toka da ya shiga da shuɗiyar atamfata. Allah ya yafe min.

Goma daidai ya yi sallama. Shadda ruwan ƙasa, hula a karkace kaɗan, ga tsohuwar zabirar fata ta mahaifinsa a kafaɗa, wadda suke zuba kayan wanzanci. Iya ta riga ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda rana ke haskawa, ta ajiye ruwan ɗumi a kwano da tsohon zane. Zaitun na ganin zabirar ta ƙanƙame ƙafata.

Ya durƙusa ya gaida Iya da Mama, sannan ya ce: "Iya, Mu'mina ta roƙi minti biyar."

"A ba ta goma ma, ta gama rawar kanta."

Na tsuguna gefen Zaitun. Na ce masa: "Buɗe hannunka. Duk abin da muka samu ka naɗe yatsa ɗaya. Shekarunta nawa?"

"Bakwai."

"Daga uku zuwa sha huɗu maki ɗaya ne. Naɗe."

"Shekaru ma laifi ne?"

"A shekarun nan ƙwayar ta fi kama yara."

Ya naɗe ƙaramin yatsa, yana kallona kamar ɗalibi ranar farko. Na nuna masa ma'aunin, na ce duk zafin da ya haura trente-huit, wato talatin da takwas, maki ne. Ya naɗe na biyu.

"Tana tari?" na tambaya.

Kafin kowa ya amsa Iya ta cafe: "Ko sau ɗaya ba ta yi ba! Ba tari, ba majina. Shi ya sa na ce ba mura ba ce, belu ne."

"Na gode, Iya. Naɗe na uku."

"Tsaya, tsaya," in ji Baha'uddeen. "Rashin tarin ne makin?"

"Shi ne. Tari da majina yawanci na mura ne. Ita wannan ƙwayar ba ta cika zuwa da su ba."

"Ikon Allah. Abin da babu ma ana ƙirga shi." Ya ɗan yi murmushi. Iya ta ja tsaki, ta gane da bakinta ta ba ni maki.

Na huɗu ba dama in kama hannunsa a gaban Iya, sai na nuna masa a wuyana, nan ƙasan muƙamuƙi. Ya taɓa na Zaitun a hankali da yatsu biyu. Ta zabura ta ce wayyo.

"Kaluluwa," ya ce. "Hagu da dama, kamar ƙwayar gyaɗa. Baba ma yana taɓa nan, amma shi cewa yake alamar belu ce."

Ya naɗe na huɗu. Na miƙa masa wayata da fitila a kunne, na lallaɓi Zaitun ta buɗe baki. Ya leƙa. Ya daɗe yana kallo, har na fara jin tsoro. Ya karkata kai ta nan, ya karkata ta can.

"Belun ya yi ja kaɗan," ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana. "Amma ba shi ba ne. 'Ya'yan wuyan nan biyu ne suka kumbura, ga fari-fari a kansu kamar an ɗiga kindirmo."

Ya naɗe babban yatsa. Ya tsaya yana kallon dunƙulen hannunsa.

"Biyar cif. Ke nan tabbas tana da ita?"

"A'a. Ko da biyar ɗin, kusan rabin yaran ne ake samun ƙwayar a wuyansu."

"To meye amfanin lissafin?"

"Yana gaya maka wanda za a kai a gwada. Mai maki ɗaya a ba shi abu mai ɗumi da maganin zafi ya kwanta a gida. Mai huɗu ko biyar, asibiti."

"Wa ya zauna ya gano wannan?"

"Likitoci. Wuyan mutane da yawa suka duba suna rubutawa."

'Yan uwa, wata bakwai mutumin nan yana zuwa zance, kullum "ya gida, ya karatu, ya su Mama". Ban taɓa jin ya shiga raina irin na lokacin da yake jero min tambayoyin nan ba.

Ya ajiye zabirar a kan tabarma ba tare da ya kwance ta ba. Ya matsa gaban Iya ya durƙusa sosai.

"Iya, ku gafarce ni. Ba zan sa aska a wuyan nan ba. Abin da ke mata ciwo ba shi aka aiko ni in cire ba."

Iya ta tafa hannu. "La'ilaha illallahu! Tun ba a ɗaura ba har ta shanye ka? Tashi ka ba ni wuri. Ai ubanka na da rai."

Ban san lokacin da Mama ta shiga ɗaki ba. Sai ga ta da ɗan hijabin Zaitun da takalminta, ta miƙo min, ko kallon Iya ba ta yi ba.

Baha'uddeen ya saɓa Zaitun a kafaɗa muka bi lungu, muka wuce layin teloli da masu atamfa, hayaƙin masu suya ya fara tashi. An yi ruwa da asuba, jar laka duk ta ɓata masa ƙasan shadda, ko a jikinsa. A bakin titi muka samu taksi zuwa unguwar Madagascar, inda ƙaramin asibitin da nake koyon aiki yake.

Ma'aikaciyar da ke aiki ranar ta san ni. Ta goga ɗan tsinke mai auduga a wuyan Zaitun, yarinya ta yi kakarin amai ta fashe da kuka. Aka tsoma tsinken a 'yar kwalba, aka ɗiga ruwan gwaji, aka sa 'yar siririyar takarda. Minti biyar za a jira. Baha'uddeen ya sunkuya a kan takardar nan, hular har tana neman faɗuwa, yana tambayar matar layi ɗaya me yake nufi, biyu me yake nufi. Shi ya fara gani.

"Ga na biyu nan yana fitowa!"

Ƙwayar ce. Aka rubuta mata amoxicilline, maganin kashe ƙwayar, aka ja mana kunne ta sha har ya ƙare ko da ta ji sauƙi gobe. Na ji wani sanyi a raina. A taksi Zaitun ta yi barci a cinyata, ni kuma ina ta satar kallon ƙeyar mutumin da ke gaba.

Bayan azahar muka iso gida. Tun daga zaure na ga wasu tsofaffin takalman fata da ban sani ba. Baha'uddeen na ganinsu ya tsaya cak.

Baballe ne zaune a kan tabarma, farin gemu, farar riga. Iya ta sake aikawa. Zabirar da muka bari a ɗaure yanzu a buɗe take, an jera asake a kan ƙyalle. Hannunsa na dama yana kan gwiwa, yana rawa shi kaɗai. Na tura Zaitun bayana.

Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya amsa a taƙaice.

"Shekara hamsin ina shiga gidan nan, ba a taɓa mayar min da zabira a ɗaure ba. Wa ya hana?"

"Ni ne, Baba," in ji Baha'uddeen.

"Kai na san ka. Ba ka taɓa yi min musu ba sai yau." Ya juyo gare ni. "Ke, 'yar Mohaman. An ce kin naɗe masa yatsu. Zo ki naɗe min."

Na matsa kusa da shi. Na jero masa su ɗaya bayan ɗaya. Bai katse ni ba. Da na zo kan na biyar ya ce a haska masa. Ɗansa ya riƙe wayar, ni na riƙe kan Zaitun, hannuna ɗaya a shirye in janye ta in na ga ya kai hannu ga ƙyallen nan. Ya leƙa, ya gyaɗa kai.

"Na sha ganin irin wannan. Muna yankawa, kwana huɗu biyar yaro ya miƙe."

"Baba, ko ba a yanka ba zai miƙe. Ciwon wuyan da kansa yake wucewa."

Na ji Mama ta ja numfashi a bayana. Amma tsohon bai yi fushi ba. Ya ƙura min ido.

"To in da kansa yake wucewa, maganin da kuka kwaso na mene ne?"

Wallahi ko Madame ba ta taɓa yi min tambayar da ta kai wannan ba. Na ce masa ba don wuyan kaɗai ake shan sa ba. A wasu yaran, in ba a kashe ƙwayar ba, bayan sati biyu ko uku sai zazzaɓi ya dawo, gaɓoɓi su kumbura suna ciwo. Daga nan abin yana iya taɓa zuciya, ya ɓata ƙofofinta a hankali, ba wanda ya sani. Sai bayan shekaru a ga mutum yana haki daga 'yar tafiya, ƙafafu na kumbura.

Baballe ya gyara zama.

"Gaɓoɓin," ya ce. "Yau gwiwa, gobe idon sawu? Ya bar nan ya koma can?"

"Haka ne, Baba."

Sannan ya fara tattara asaken nan yana mayarwa cikin zabira, ɗaya-ɗaya, hannun na rawa har ɗaya ta suɓuce. Baha'uddeen ya kai hannu zai taya shi, ya ture hannun.

"Baballe, ya haka?" in ji Iya.

"Aisatu, a ba yarinya maganinta."

Ya ɗaure bakin zabirar. Na ji Zaitun ta saki zanena. Ni dai na ɗauka an gama, har na fara yi wa Allah godiya a zuci, sai ya sake kiran sunana, wannan karon da wata murya daban.

"Mu'mina. Ina da 'ya, Sadiya, ƙanwar wannan. Shekararta sha tara. Tana kamar wannan yarinyar ta yi irin wuyan nan, da farin da komai. Da hannuna na yi mata aiki, ta miƙe, na yi ta murna. Bayan sati uku ta kwanta ciwon gaɓoɓi, muka ce sanyi ne, muka yi ta gashi. Yanzu daga gidanmu zuwa bakin masallaci sai ta tsaya sau uku tana dafe ƙirji."

Na juya wajen Baha'uddeen. Kansa na ƙasa, ya dafe baki da hannu. Wata bakwai, bai taɓa gaya min ba. Ina jin shi ma sai yanzu ya haɗa lissafin.

"Gobe ki zo gidana ki gan ta," in ji tsohon.

"Baba, ni ɗaliba ce. Likitan zuciya ya kamata ya gan ta, shi zai iya sanin..."

"Za a kai ta. Ko jibi ne za a kai ta." Ya dafa kafaɗar ɗansa ya miƙe da ƙyar, idonsa ya cika da ruwa. "Amma likita bai san ni ba, ba zai gaya min abin da nake son ji ba. Ke kin iya faɗin gaskiya a gaban manya. Ki zo ki dube ta, ki gaya min ko ni na yi mata."